Moms Mabley: Tsohuwar da ta yi wa Amurka wasan kaka da jika

Idan aka ce wa ɗan boko a ƙasar nan ya lissafa mutanen da suka tsaya wa baƙar fatar Amurka a ƙarnin da ya gabata, babu shakka zai fara da Martin Luther King da Malcolm X, wataƙila ya ƙara da Rosa Parks da ɗan dambe Muhammad Ali. Da wuya ya ambaci wata tsohuwa da babu haƙori a bakinta, mai fitowa da koɗaɗɗiyar rigar zaman gida da wata hula a karkace da takalman da suka yi wa ƙafarta yawa, wadda ta shafe fiye da shekara 50 tana hawa dandamali tana ba jama'a dariya. Sunanta na wasa Jackie Mabley, amma an fi saninta da Moms, wato kamar a ce Inna. Rabin ƙarni ke nan da rasuwarta, kuma a yau ita nake so mu waiwaya a wannan shafi, domin a ganina ta cancanci a sa ta cikin wancan lissafi, ko da kuwa a ƙarshen layi ne.

Dalilina shi ne, wannan mata ta rayu a ƙasar da kalma ɗaya tak kan jawo wa baƙar fata asarar ransa, amma ta gano cewa akwai mutum guda da masu iko ba su cika tuhuma ba, wato tsohuwa. Sai ta shiga rigar kaka, ta mayar da duk wanda ya zo kallonta jikanta, daga lebura har shugaban ƙasa, ta riƙa gaya musu abin da saurayi ko malami ko ɗan jarida ba zai furta ya kwana lafiya ba. Hausawa sun ce cikin wasa ake gaya wa wawa magana, to ita ƙasa guda ta gaya wa magana cikin wasa.

Kafin mu yi nisa, yana da kyau mai karatu ya fahimci irin sana'ar da ake magana a kanta. Barkwanci ne na mutum ɗaya a tsaye, inda mai wasa zai fuskanci ɗaruruwan mutanen da suka biya kuɗinsu, ba abokin wasa, ba labulen fakewa, daga shi sai bakinsa da abin magana. Mu a nan abin da ya fi kusa da ita shi ne wasan 'yan kama, sai dai shi ɗan kama yana da kiɗa da 'yan amshi da za su rufa masa asiri idan magana ta ƙi shiga. Shi kuwa wancan idan aka yi minti ɗaya ba a yi dariya ba, kowa a zauren ya san ya faɗi. Sana'a ce da a zamanin Mabley ake ɗauka ta maza ce zalla.

An haife ta a shekarun 1890 a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Brevard, cikin duwatsun Jihar Karolina ta Arewa, aka raɗa mata suna Loretta Mary Aiken. Gidansu gidan yawa ne, su 16 ne wurin iyayensu, kuma mahaifinta James Aiken ɗan kasuwa ne mai rufin asiri. A lokacin kimanin shekara 30 ke nan da haramta bauta a Amurka, abin da aka yi a 1865, don haka akwai tsofaffi da dama a raye waɗanda aka haifa a hannun iyayengiji, ciki har da kakarta wadda ta shaƙu da ita ƙwarai. Bauta ta tafi, amma wariya ta maye gurbinta. A 1896 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar da aka sani da Plessy da Ferguson, ta halatta a raba baƙi da farare a wuraren jama'a, sai jihohin kudu suka samu hujjar raba komai, kama daga makaranta da asibiti da jirgin ƙasa har famfon shan ruwa da maƙabarta.

Ƙuruciyar Loretta ba ta yi kama da ta wadda za ta ba duniya dariya ba. Masu bin tarihinta sun ruwaito cewa an yi mata fyaɗe har sau biyu tun tana ƙaramar yarinya, na biyun ma wani jami'in tsaro ne farar fata ya aikata, ta haifi 'ya'ya biyu waɗanda aka ba wasu riƙo. A 1909 mahaifinta, wanda yake aikin sa kai na kashe gobara, ya rasu sakamakon fashewar motar kashe gobara. Bayan 'yan shekaru kuma mota ta take mahaifiyarta a ranar Kirsimeti, tana kan hanyar dawowa daga majami'a. Kafin ta mallaki hankalin kanta sosai ta riga ta ga abin da wani har ya tsufa ba zai gani ba. Tana da kimanin shekara 14 ta bar gida, da ƙarfafawar kakarta, ta nufi birnin Cleveland a Jihar Ohio, ta shiga ayarin masu wasannin yawo, tana waƙa da rawa da 'yan gajerun wasannin ban dariya.

Su waɗannan ayarori suna bin wani zagaye ne na gidajen wasa da aka keɓe wa baƙar fata, wanda daga baya aka riƙa yi wa laƙabi da zagayen Chitlin, sunan da aka aro daga hanjin alade, abincin da talakawan baƙi suka gada tun zamanin da iyayengiji ke cinye tsoka su bar wa bayi kayan ciki. A shekarun 1920 wata ƙungiyar masu gidajen wasa da ake kira TOBA, wadda akasarin masu ita farare ne, ita ke juya wannan kasuwa. Lada kaɗan ne, aiki kuma ba dare ba rana. 'Yan wasa kan shiga garin da babu otal ɗin da zai karɓe su, sai su kwana a tashar jirgi ko a gidajen mutane, wani lokacin ma mai gidan wasa ya hana su haƙƙinsu, kuma babu kotun da za su kai ƙara ta saurare su. A wannan makaranta Loretta ta yi karatunta. A nan ne kuma ta haɗu da wani ɗan wasa mai suna Jack Mabley, suka yi soyayya, da suka rabu ta riƙe sunansa ta mayar da shi nata.

Akwai wata matsala da ta tarar a sana'ar, wadda ta girme ta nesa ba kusa ba. Tun cikin ƙarni na 19, barkwancin da ya fi kasuwa a Amurka shi ne wanda Bature zai shafa baƙin toka a fuska, ya zana faffaɗan baki, ya fito yana kwaikwayon baƙar fata a matsayin dolo, malalaci, matsoraci. Da baƙi suka samu shiga harkar, su ma sai da aka tilasta musu shafa baƙin a kan nasu baƙin. Hatta Bert Williams, gwanin da babu kamarsa a zamaninsa, wanda ya rasu a 1922, da wannan shafe-shafen ya yi suna. A rediyo kuwa, shirin da ya fi farin jini daga 1928, mai suna Amos da Andy, Turawa biyu ne ke maƙale murya suna kwaikwayon baƙi. A taƙaice, an yarda baƙar fata ya zama abin dariya, abin da ba a yarda ba shi ne ya tsaya a matsayin mai hankali ya yi wa farare magana kai tsaye. Mace kuwa, iyakarta waƙa da rawa, ko ta tsaya kusa da namiji tana miƙa masa zance shi yana kwashe tafin.

A farkon shekarun 1920 wasu shahararrun 'yan wasa, miji da mata da ake kira Butterbeans da Susie, suka ga hazaƙarta suka ja ta a jiki, ta hanyarsu ta samu shiga birnin New York. Ta isa unguwar Harlem a daidai lokacin da unguwar ke cika da baƙin da suka yi ƙaura daga kudu, ƙaurar da kafin ta lafa a wajen 1970 ta kwashe mutum kimanin miliyan 6 zuwa biranen arewa da yamma. Ta yi wasa a gidajen rawa irin su Connie's Inn, inda 'yan wasa baƙi ne amma 'yan kallo farare. A 1931 ta fito a wani wasan dandamali tare da marubuciya Zora Neale Hurston, a 1933 kuma ta samu ɗan ƙaramin matsayi a fim ɗin The Emperor Jones wanda Paul Robeson ya jagoranta. Amma gidanta na haƙiƙa shi ne zauren Apollo da ke kan titi na 125 a Harlem, wanda ya buɗe ƙofarsa ga baƙar fata a 1934. 'Yan kallon Apollo sun yi ƙaurin suna wajen rashin kara, domin idan ɗan wasa bai gamsar da su ba, da ihu suke sauke shi. A ƙarshen shekarun 1930 Mabley ta zama mace ta farko da ta tsaya a wannan dandamali ita kaɗai a matsayin mai barkwanci, kuma ta ci gaba da komawa shekara da shekaru.

Sannu a hankali ta gina tsohuwar da duniya ta sani, kuma ta fara shiga wannan kama tun kafin tsufan gaskiya ya cim mata. Kakarta ta kwaikwaya, ta ɗauki tafiyarta da kaushin muryarta da rashin tsoronta. Sunan Moms kuwa abokan sana'arta ne suka laƙaba mata, saboda yadda take ɗawainiya da ƙananan 'yan wasa a kan hanya, ta ciyar da wanda ba shi da na abinci, ta tsawata wa wanda ya kauce. Ya zuwa shekarun 1950 sunan da kamannin sun zauna daram. Za ta jawo ƙafa ta shigo dandamali kamar wadda aka taso daga barci, ta dubi zauren da ke maƙil da mutane ta kira su 'ya'yanta, tun daga nan ta gama da su, domin wanda ya amsa sunan ɗa ya yarda a yi masa faɗa.

Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane wannan dabara. Mun san wasan da ke tsakanin kaka da jika, inda tsohuwa za ta kira jikanta mijinta, ta kira matarsa kishiyarta, ta yi masa gorin cefane a gaban jama'a, kuma babu mai jin haushi. Maganar da idan uwa ta faɗa za ta zama abin kunya, kaka ta faɗe ta sai a yi dariya, amma saƙon ya riga ya isa. Wannan dama ita Mabley ta ɗauka ta kai kasuwa. Babban jigon wasanta, wanda ta yi ta juyawa shekara da shekaru, shi ne ƙyamar tsofaffin maza da kwaɗayin samari. Takan ba da labarin yadda aka aurar da ita tana yarinya ga wani tsoho tukuf, ta yi ta siffanta muninsa da rashin amfaninsa har mutane su riƙe ciki. Wanda ya san abin da ya same ta a ƙuruciya zai ji wani abu daban a ƙarƙashin wannan dariya. Mace ce take bayyana wa duniya cewa ita ma tana da zaɓi da ra'ayi a kan wanda za ta zauna da shi, a zamanin da ba a tambayar mata irinta ra'ayinsu a kan komai.

Da ta samu wannan lasisi, sai ta juya kan wariyar launin fata. Akwai wani labari nata da ya shahara, inda ɗan sanda ya tare ta a wata jihar kudu saboda ta wuce jar wuta a kan titi, ita kuwa ta kare kanta da cewa ta ga farare suna wucewa idan koriya ta kama, shi ya sa ta ɗauka ja ita ce aka ware wa baƙi. A cikin wannan 'yar gajeriyar magana ta tona wautar tsarin gaba ɗaya, domin idan har za a raba famfo da kujerar mota, me zai hana a raba wutar titi? Haka kuma takan ƙirƙiro labaran yadda shugabannin Amurka irin su Eisenhower da Kennedy ke nemanta don ta ba su shawara, tana kiran shugaban ƙasa yaro, tana kiran matarsa da sunanta gatsal, ita kuwa matar shugaban tana amsa mata da ladabi. Wanda bai san Amurkar lokacin ba zai ɗauka cika baki ne irin na tsofaffi. Amma a kudu, yaro shi ne sunan da kowane Bature ke kiran baƙar fata da shi ko da ya yi furfura, mace baƙa kuma ba a sakaya sunanta komai shekarunta. Mabley ta kifar da tsarin ne a gaban mutanen da ake yi wa wannan wulaƙanci kullum, shi ya sa dariyarsu take fitowa daga can ƙasan zuciya.

Don a san nauyin abin da take wasa da shi, sai a tuna da Emmett Till, yaro ɗan shekara 14 daga Chicago, wanda a 1955 aka sace shi a Jihar Mississippi aka yi masa kisan gilla, bisa zargin ya yi wa wata Baturiya rashin kunya a shago. Kotu ta sallami mutum biyun da aka gurfanar, daga baya kuma suka amsa wa wata mujalla cewa su suka kashe shi. A irin wannan ƙasa ce wata baƙar mata ke kiran shugaban ƙasa yaro. Ko a tsakanin abokan sana'arta, waɗanda suka yi magana da fuskarsu ta gaskiya sun ɗanɗana kuɗarsu. Lenny Bruce, duk da kasancewarsa farar fata, an fara kama shi a 1961 kan zargin batsa a wasansa, kotu a New York ta same shi da laifi a 1964, ya mutu a 1966 cikin talauci, sai a 2003 gwamnan jihar ya yi masa afuwa. Dick Gregory, wanda a 1961 ya fasa shingen da ya hana baƙi yin barkwanci a manyan gidajen farare, ya sha ɗauri saboda shiga zanga-zanga, har harbi ya sha a ƙafa a rikicin unguwar Watts a 1965. Ita Mabley takan taɓo batsa, takan taɓo siyasa, amma a lulluɓe cikin habaici, kuma wane ɗan sanda ne zai so a gan shi yana jan tsohuwa marar haƙori zuwa caji ofis?

Duk da wannan gwaninta, ta yi fiye da shekara 40 a sana'a kafin akasarin fararen Amurka su san da zamanta. Ƙofar talabijin a rufe take ga irinta. Mawaƙi Nat King Cole, da duk farin jininsa, shirin da aka ba shi a 1956 bai wuce shekara guda da 'yan watanni ba ya mutu, saboda manyan kamfanoni sun ƙi saka talla a shirin baƙar fata don gudun ɓata wa masu sayayya na kudu rai. Abin da ya fitar da Mabley daga wannan ƙangi shi ne faifan garmaho. A farkon shekarun 1960 kamfanin Chess na Chicago ya fara naɗar wasanninta, faifan farko aka sa masa sunan da ke nufin matar da ta fi kowa ban dariya a duniya, ya samu kasuwa ƙwarai, wani kuma ya biyo baya wanda a ciki take wasa da shugabannin duniya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya. Faifai ba ya bukatar izinin mai otal ko mai talla, kowa na iya saye ya saurara a ɗakinsa, don haka muryarta ta shiga gidajen da ita kanta ba za a bari ta shiga ta ƙofar gaba ba. Ta yi faifai fiye da 20. A 1962 ta yi wasa a zauren Carnegie na New York, a 1967 kuma Harry Belafonte ya sa ta a wani shirin talabijin na musamman kan barkwancin baƙar fata, daga nan manyan shirye-shirye suka shiga rububinta. A ganiyarta takan karɓi Dala 10,000 a mako a Apollo. Kowa ya daɗe ya ga daɗau.

To sai dai akwai masu ganin baikonta, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. Amurka ta daɗe da ƙaunar wani hoto na baƙar mace, wato baiwar gida mai renon 'ya'yan uwargijiyarta, mai fara'a, wadda ba ta da wata bukata ta kanta. Irin wannan matsayi ne Hattie McDaniel ta taka a fim ɗin Gone with the Wind, ta zama baƙar fata ta farko da ta ci kyautar Oscar a 1940, amma ko a wurin bikin sai da aka ware mata teburi daban. Masu suka suna ganin tsummokaran Mabley da bakinta marar haƙori ci gaba ne na wancan hoto, musamman a shekarun 1960 da matasa ke fafutikar a ga baƙar fata cikin mutunci da shiga ta kamala. Ni dai ina ganin kamannin ne kawai suka zo ɗaya. Ita waccan baiwa ta farare ce, don jin daɗinsu aka ƙirƙire ta, kuma ba ta da bakin musu. Tsohuwar Mabley kuwa a gaban baƙi aka haife ta, su suka rene ta shekara da shekaru kafin wani Bature ya gan ta, 'ya'yan da take kira nata su ne, kuma ba ta taɓa fitowa tana yi wa kowa bauta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da 'yan kallon Apollo sun ji ƙanshin cin mutunci a wasanta, da tuni sun sauke ta.

Inda nake ganin akwai abin takaici na gaske shi ne farashin da ta biya. Matar da ke bayan wannan tsohuwa daban take. Abokan aikinta sun shaida cewa da ta sauka daga dandamali takan canza zuwa tsararrun kaya masu tsada, sau da yawa ma kwat irin na maza, mace ce mai kaifin basira da sanin kan kasuwancinta. Wannan matar jama'a ba su taɓa ba ta dandamali ba. Sai da ta cire haƙoranta na roba, ta rage wa kanta kwarjini, ta zama wadda ba a jin tsoro, sannan aka saurare ta. Laifin wannan yana wuyan ƙasar da ba ta iya jin gaskiya daga bakin baƙar mace mai cikakkiyar kamala. Haka nan bai kamata a ɗora wa barkwanci nauyin da ya fi ƙarfinsa ba. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 da ta 'yancin zaɓe ta 1965 sun samu ne da jinin masu zanga-zanga da jajircewar lauyoyi. Abin da Mabley ta yi shi ne rage wa azzalumi kwarjini a idon wanda ake zalunta, domin mutumin da ya yi wa tsari dariya a daren Asabar, ba zai ji tsoronsa kamar da ba a safiyar Litinin. Wannan ma aiki ne, kuma ta fara shi tun kafin a haifi da yawa daga cikin jagororin gwagwarmayar.

Sau ɗaya ta ajiye wasa gefe, kuma ƙasar ta saurara. A 1968 aka harbe Martin Luther King a watan Afrilu, aka harbe Robert Kennedy a watan Yuni, shekara biyar bayan kisan ɗan'uwansa Shugaba John Kennedy. Wani marubucin waƙa mai suna Dick Holler ya tsara waƙar juyayi mai suna Abraham, Martin and John, wadda ta haɗa su da Abraham Lincoln da aka kashe a 1865. Mawaƙa da dama sun rera ta, amma a 1969 Mabley ta rera tata da wannan murya mai kaushi, babu ko ɗigon barkwanci a ciki. Waƙar ta kai matsayi na 35 a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka, ta zama a lokacin mutum mafi yawan shekaru da ya shiga sahun 40 na farko yana raye, tana da shekara fiye da 70. Mutanen da suka saba ganinta su fashe da dariya, a wannan karo shiru suka yi, domin kakar da ta saba yi musu wasa ce take makokin 'ya'yanta.

Ba ta yi ritaya ba. Ta ci gaba da wasa har a gidajen yari, ciki har da kurkukun Sing Sing na Jihar New York, inda aka naɗi faifai guda. A 1974 aka ba ta jagorancin wani fim mai suna Amazing Grace, inda ta fito a matsayin wata tsohuwa a birnin Baltimore da ta tsoma baki a zaɓen magajin gari don ta hana 'yan siyasa yaudarar unguwarsu. Ana cikin ɗaukar fim ɗin ciwon zuciya ya buge ta, aka sa mata na'urar daidaita bugun zuciya, bayan 'yan makonni ta koma ta ƙarasa aikin. Ta rasu ranar 23 ga Mayu, 1975, a garin White Plains na Jihar New York.

Bayan rasuwarta sunanta ya so ya dushe, kamar yadda yakan faru da masu sana'ar baki, waɗanda mafi yawan aikinsu iska ke ɗauke shi a daren da aka yi shi. Mafi yawan abin da ta yi daga ƙuruciya zuwa 1960 babu wanda ya naɗa. Waɗanda suka gaje ta su suka farfaɗo da ita. Whoopi Goldberg ta yi wasan dandamali a kanta a farkon shekarun 1980, sannan a 2013 ta shirya fim na tarihin rayuwarta, inda manyan 'yan barkwanci irin su Eddie Murphy suka bayyana irin tasirin da ta yi musu. Duk wata mace da a yau take tsayawa ita kaɗai a dandamalin Amurka tana faɗin abin da ke ranta da fuskarta ta gaskiya, ba tare da ta shiga tsumma ba, tana cin gajiyar hanyar da wannan tsohuwa ta share.

An binne ta a maƙabartar Ferncliff da ke Hartsdale, arewa da birnin New York. A nan aka binne Malcolm X shekara 10 kafin ita, a nan kuma aka kai Paul Robeson a 1976. Su biyun sun faɗi gaskiya da babbar murya, aka harbe ɗaya, aka ƙwace wa ɗaya fasfo aka durƙusar da sana'arsa. Ita ta faɗi tata cikin raha, ta tsufa, ta mutu a gadon asibiti. Ba na cewa hanyarta ta fi tasu, kuma ba na jin ita ma za ta yarda a ce haka. Abin da nake cewa shi ne, idan za a lissafa waɗanda suka gaya wa Amurka abin da ba ta son ji, to a bar wa Inna gurbinta.